Faɗuwar Harouna a Layin Gwajin Jini

Duk wanda ya san Harouna mai shayi, da faɗuwarsa ya san shi. Mutumin Maradi ne, siriri kamar sillen kara, shekara tara yana dafa wa injiniyoyin wani kamfanin gini shayi a unguwar Al-Shifa, a birnin Riyadh. Aikin kuwa sai da katin lafiya. In likita ya hana kati, kafil, ubangidan da ya tsaya masa, zai sallame shi, takardar iƙama ta zaman ƙasa ta tafi, sai filin jirgi, ga 'ya'ya uku suna makaranta a gida.

A shekarar da abin ya faru, tsoro ya sa ya ce bari ya wanke jininsa kafin a gwada. Ya samo maɗaci da sabara a kasuwar Batha, kwana uku yana ɗirkar jiƙo, ba ci. Ranar gwaji, ana tsira masa allura, sai ga mutum a ƙasa, yif!

Washegari ya shiga ofis da farantin shayi. Injiniya ɗan Sifen ya dube shi ya ce, "Enfermo." Ɗan Italiya ya gyaɗa kai: "Infermo." Harouna ya yi aji shida a Maradi, ya san "infirme" na Faransanci sarai, wato naƙasasshe, mara lafiya. Mutanen da ko a kan ƙwallo ba sa jituwa, yau sun haɗa baki a kansa!

Ya daure ya tambayi ɗan Italiyan. Mutumin ya ce kalmomin duk kakarsu ɗaya, daga Latin, ma'anarta wanda ba ya iya tsayuwa daram.

"Shi ke nan," in ji Harouna a ransa, "har faɗuwar tana ciki."

Kwana biyar yana jiran sakamako. Riga uku yake sakawa a zafin Riyadh don ya yi kauri. Da ya hango mudir, shugaban ofis, sai ya saɓi tukunyar gas ya hau bene da ita, ba wanda ya aike shi. Waya ta yi ƙara, sai ya kasa kunne.

Sakamako ya fito: jini lafiya lau. Likita dai ya ce a gaya masa ya riƙa cin abinci.

Har yau Sha'aban direba, Bakano, bai bar shi ba. "Malam Enfermo, bana yaushe za a faɗi, mu kawo katifa?"

Harouna ya miƙa masa shayi. "Ni sau ɗaya na faɗi, Turai duka ta tambayi lafiyata. Kai da ka yi mako kana zazzaɓi, wa ya ce maka sannu, ko da Hausa?"