Tarwadar Fayyum Ta Wanke Ƙanena

Faisal, Alƙahira

Ƙarfe biyar da rabi, bayan asuba, muka bar masauki a unguwar Faisal za mu Fayyum, ni da Usman, Bahaushen Sudan mai aiki a gidan ƙyanƙyasar kifi a Fayyum. Jinyar ido ta kawo ni Masar, amma tun haɗuwarmu a masallaci nake cika masa baki cewa ni tsohon mai kiwon tarwada ne. Ban faɗa masa wata biyar kawai kiwon ya yi ba.

Direban bas na ihun "yalla," wato a yi sauri, gwiwata ta ƙi hawa, sai da Usman ya turo ni kamar buhu. A shingen 'yan sanda na miƙa takardar asibiti maimakon fasfo. Ɗan sandan ya yi mini addu'ar sauƙi, muka wuce.

Fayyum

Tafiyar kusan kilomita ɗari ce, mun isa takwas saura kwata. Bayan mun karya da wake da gurasa, Usman ya nuna mini yadda ake matse ƙwai daga cikin uwar tarwada, a baza a kan raga cikin ruwa mai ɗumi. 'Ya'yan da suka fito sirara ne kamar gashin ido. Gaba kaɗan na ga ana tace waɗanda suka tasa da rariya.

Na ce, "Wannan wahalar ta mece ce?"

Usman ya yi dariya. "Baba Alhaji, kai ne fa gwanin! In ba a ware manya ba, sai su cinye ƙanana. Khalas, shi ke nan."

Sai na nemi bokiti na zauna. Shekara goma sha biyu ke nan da na zuba 'ya'yan tarwada a rami ɗaya a Ringim, ƙanena Sale na gadi. Ranar kwashewa 'yan kaɗan muka samu, na kira shi ɓarawo a gaban dangi. Tun daga nan sai a jana'iza muke gaisawa. Ɓarayin kuwa na sa an yi miya da su, ina ci ina yaba ƙibarsu.

Komawa

A mota na kira Sale, na faɗa masa abin da na gani.

Ya ce, "Yaya, na faɗa maka a ranar, ka ce in rufe baki. Sai da ka je Masar?"

"Ka yafe mini."

"A gaban mutane ka faɗa. A gabansu za ka janye."

Mun iso Faisal da la'asar lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Usman. Ku da kuka ji ni a ranar, ku karanta wa wanda bai iya ba: Sale bai ɗauki ko kifi ɗaya ba.