Ciyawar Don Nicanor

Shekara talatin da takwas Don Nicanor ya yi yana kula da ciyawar filin golf a garin Hermosillo na ƙasar Meziko, inda masu tumbi ke bin 'yar ƙwallo da sanda. Duk Oktoba, idan ciyawar zafi ta fara barci, sai ya aske ta ƙwal, ya watsa irin ta sanyi a kai, ya lulluɓe da kashin shanu, ya yi ta ban ruwa sau biyar a yini yana zagin kurciyoyi masu tsince irin har kakanninsu. Ta gidansa kuwa, da sanyi ya shigo sai ta koma kamar tsohuwar tabarma.

Matarsa, Doña Eduviges, abu ɗaya ta taɓa roƙonsa. Ranar cikarsu shekara hamsin da aure, tsakiyar Nuwamba, tana so ta taka rawa a kan koriyar ciyawa a tsakar gidanta. Ya ce an gama.

To, Nicanor ba ya shuka da kalanda. Sai gwiwarsa ta hagu ta soma ciwo da safe, nan yake sanin ƙasa ta huce. Shekarar nan zafi ya ƙi tafiya, gwiwa ta yi lafiya lau. Maƙwabta duk suka shuka. Eduviges ta yi tayin taimaka wa gwiwar da muciya, duk da haka bai shuka ba sai farkon Nuwamba.

Ranar biki ciyawa kwananta goma sha biyu, siririya kamar gashin jariri, warin taki har bakin titi. Ya zagaye ta da igiya, ya tsaya gadi da bututun ruwa a hannu. Baƙi suka jeru jikin katanga suna cin tamale, alalar masara, hanci a toshe. Amininsa Ruperto ya tambaya ko ita ciyawar ce amaryar, a kai mata gaisuwa.

Da makaɗa suka fara, Eduviges ta iso bakin igiya.

"Tsoho, ɗage abin nan."

"Haba Viges, ko saiwa ba ta kama ba. Ba ni kwana tara."

"Shekara hamsin na ba ka."

Ya dubi ciyawa, ya dubi matarsa. Ya ɗage igiya, amma da sharaɗi: su biyu kawai, kuma ba takalmi. Ya riƙe ta yana ja a hankali, a kan yatsun ƙafa, kada a taka wuri ɗaya sau biyu. Mata suka yi ta share hawaye, wai ba su taɓa sanin tsohon ya iya rawa mai taushi haka ba.