Malam Garba Mai Ƙugiya da Igiyar da Ya Hana a Ɗaura

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina tsugune a bakin shagona ina walda, hantsi ya ɗaga, sai Bitrus ya kira ni a waya. Bitrus mutumin Rijau ne, shi ke ɗaure wa Malam Garba kaya a wurin aiki shekara da shekaru. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce, "Isiyaku, bar abin da kake yi. Tirelar siminti ta faɗa wa Oga a hanyar Ibeto. Yana da rai, amma yana ƙarƙashi." Ban tuna na rufe shago ba.

Duk wanda ya daɗe a Kontagora ya san Malam Garba, ko bai san sunansa ba ya san motarsa: tsohon kiren nan ruwan ɗorawa mai dogon hannu da ƙugiya. Da shi ake tayar da manyan motocin da suka kife, da shi ake ɗora tankunan ruwa a kan ƙarafunansu. Ni maƙwabcin garejinsa ne, ni ke yi masa walda, kuma tare muke cin tuwon rana. A bakinsa na san cewa ɗaga kaya ilimi ne, ba ƙarfin inji kawai ba.

Mutum ne marar gaggawa. In ya isa wurin aiki, sai ya zagaya yana taka ƙasa da dunduniya kafin ya sauke ƙafafun motar, ya shimfiɗa musu katakai masu kauri. Yakan ce, "Kiren ba daga sama yake faɗuwa ba, daga ƙasa yake faɗuwa." Wata rana a Auna mai kaya ya matsa masa ya miƙa hannun motar ya ɗauko janareta daga can nesa, don kada a rushe katanga. Malam Garba bai yi musu ba. Ya cika bokiti da ruwa ya ba shi, ya ce, "Alhaji, riƙe shi a jikinka." Ya riƙe. "To, miƙe hannunka da shi." Nan take hannun ya soma rawa, su biyun suka yi dariya. Ya ce, "Ruwan bai ƙaru ba, nisa ne ya ƙaru. Haka motata take ji."

Amma abin da ya fi ba muhimmanci shi ne igiyar ƙarfen da ke riƙe da ƙugiyar. Ya taɓa yanko mini guntuwa ya warware ta a kan benci. Siraran wayoyi ne aka tufke su suka zama sili, aka sake tufke silin a kan wani zare na tsakiya mai riƙe mai, kamar yadda ake tufkar igiyar rama. Ya ce da sanda guda ce, da ba za ta lanƙwasa ba, kuma ranar da ta tsage shi ke nan. Amma da yake suna da yawa, kowace na ɗaukar rabonta, in ɗaya ta gaji sauran su riƙe. Sai dai duk hawa da sauka suna gugar juna, suna lanƙwasa suna miƙewa, har su fara karyewa ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa daga ciki inda ido ba ya gani. Shi ya sa kowace Asabar yakan naɗe tsumma a hannu ya bi igiyar da shi. Inda tsumman ya maƙale, nan waya ta karye. Yakan ce, "Igiya ba ta cin amana. Tana faɗa maka, kai ne ba ka saurara ba."

A farkon daminar nan tsumman ya yi ta maƙalewa. Ya buɗa silin ya ga tsatsa ta ci ciki. Ranar ya cire igiyar ya jefar da ita bayan gareji, ya aika Legas a kawo sabuwa, ya ajiye aiki. Na ce masa cikin wasa ya kawo tsohuwar in ɗan taɓa ta da wuta. Ya ce, "Isiyaku, wutarka tana haɗa ƙarfe, amma wannan kashe ta take yi." Ana nan ana jiran sabuwar, shi kuma ya hau babur zai je gaisuwar mutuwa Ibeto.

Da na isa, na tarar da jama'a sun cika wurin. Direban tirelar ya kauce wa rami ne, gefen titi ya zabtare saboda ruwan da aka kwana biyu ana yi, motar ta kwanta a kan babur ɗin. Malam Garba kuwa, daga ƙugunsa zuwa ƙasa duk yana ƙarƙashin bodin motar. Manoma da 'yan acaba da fasinjoji sun yi layi suna kwashe buhunan siminti. An kawo jak na ɗaga mota har guda nawa, amma da an buga sai ya nutse a laka. Malam Garba da kansa, da muryarsa da ta dushe, yake cewa a sa katako a ƙarƙashi. Aka sa, katakon ya dare. Wani ya ce a ja da wata mota. Bitrus ya ce in aka ja, a kansa za ta bi. An kira wani kiren daga Minna, aka ce ya taso, amma kowa ya san hanyar da tafiyar irin wannan mota.

Sai Bitrus ya durƙusa kusa da kansa, hawaye na zuba. Ya ce, "Oga, bari in je in mayar da tsohuwar igiyar. Ɗagawa ɗaya ce kawai."

Malam Garba ya buɗe ido. Ya ce, "Wa zai shiga ya jawo ni in ka ɗaga?"

Na ce, "Ni zan shiga, Malam."

Ya ce, "Kai da mutum nawa? In ta tsinke, motar ta dawo kanku, igiyar kuma ta yi bulala cikin jama'ar nan. Na duba ta da hannuna, Bitrus. Ba za ta ɗauka ba. Ban yafe ba in ka ɗaura ta."

Muka roƙe shi, ya kau da kai. Daga nan ba abin da ya rage mana. Na cire rigata na tare masa rana, wata mata ta riƙa jiƙa masa leɓe da ruwa. Ya ce in gaya wa iyalinsa, Habi, ta yafe masa. Ya tambaya ko an yi azahar. Mu ɗari da wani abu muna tsaye da hannuwanmu, kowa da ƙarfinsa, ba mu iya ɗaga masa ko taƙi ɗaya ba. Kafin la'asar na ji yana maimaita kalmar shahada a hankali, ina tayawa, har na ji ni kaɗai nake yi.

Kiren ɗin Minna ya iso rana ta yi sanyi. Sabuwar igiyar kuwa ta iso washegarin sadakar uku. Tana nan a naɗe a gareji, Bitrus ya kasa kwance ta. Har yau ina tambayar kaina ko da tsohuwar ta ɗauka. Ban sani ba, kuma wanda ya fi kowa sani ya riga ya ba mu amsarsa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Garba. Ka sa nauyin da ya kwanta a kansa ya zama kaffara, Ka karɓe shi cikin shahidai, Ka yalwata masa kabarinsa. Ka ba Habi haƙurin da mu ba mu da kalmar ba ta, Ka raya 'ya'yansa cikin albarka, Ka zame musu gata. Ka sanyaya zuciyar Bitrus da ta duk wanda ya tsaya a bakin hanyar nan. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.