Dawar Shekara Uku Ta Je Wudil Ba da Shaida

Achika, ƙarfe biyar da rabi

Na bar gida ranar Laraba bayan sallar asuba, takarda a aljihu, zangarniyar dawa uku a jaka. Uwargida Hajara ta biyo ni har zaure tana cewa, "Malam, a kan kalma ɗaya za ka bar gona?" Na ce, "Ke ma da kalma ɗaya aka ba ni ke."

Ga abin da ya tashe ni. Bara bayan girbi wasu masu binciken noma suka zo daga wani ofishi a Wudil, suna tambayar kowa dami nawa ya samu. Mu kuwa ba ma faɗa wa baƙo adadin dami. Ubana bai faɗa wa mai haraji ba, ni ma ba na faɗa, saboda baki. Na ce goma, sai godiya. Taubashina Sale, wanda ɓera ke shiga rumbunsa ya fito yana hamma, ya ce ɗari biyu.

Makon jiya aka aiko da takardar sunayen da za a buga a littafi. Gaban sunan Sale an rubuta farmer, gaban nawa peasant. Ni fa na yi aji huɗu a firamare, kuma shekara arba'in ni ke karanta wa unguwa rubutun buhun taki. Farmer na san shi, manomi ne. Ɗayar ce ban taɓa gamuwa da ita ba, amma na ji warinta. Sale ya je ya tambayo malamin makaranta, aka ce masa mai noman da bai wuce bakinsa ba ne. Tun ranar, ko a ƙofar masallaci sai ya ce, "Ina kwana, mai dami goma?" Litinin za a kai littafin wurin bugawa, abin da aka buga kuwa jikoki za su karanta.

Kan hanya

Ila mai acaɓa ya ɗauke ni shida saura kwata. Ya ce dubu ɗaya, na ce ɗari bakwai da addu'a, ya ce addu'ar ba ta shiga tanki, muka shirya a ɗari takwas. A shingen bakin titi wani ɗan sanda ya ce, "Baba, me ke cikin jaka?" Na ce, "Shaidu." Ya leƙa ya ce, "Ai dawa ce." Na ce, "Ka taɓa jin dawa ta yi ƙarya?" Ya ɗaga mana hannu yana dariya.

Wudil, teburin mai shayi

Ƙarfe bakwai da minti goma na zauna, shayi da burodi da ƙwai ɗaya. Kusa da ni wani malamin jami'a ne, na gane shi da tabarau da rashin gaisuwa mai tsawo. Na miƙa masa takardar.

Ya ce, "Baba, duka biyun suna riƙe fartanya. Ta farko sana'a take faɗa kawai, ko gonarka taku ɗaya ce ko dubu. Ta biyu tana ƙara cewa mutum ƙarami ne, talaka. A littafin bincike ba zagi ba ce, amma in ka kira Bature da ita a ido, zai ɓata rai."

Na ce, "Wato abin da mai harshen ya ƙi, shi aka kawo mini Achika kyauta." Ya ce in yi haƙuri, kalma ce. Na ce shi ma Dakta kalma ce, ya ba ni aro in gani. Bai bayar ba.

Sabon Garin Wudil, ofishin

Tara da minti ashirin aka shigar da ni wurin shugabar aikin, Malama Binta. Ta gaishe ni gaisuwar 'yar mutunci, har ta tambayi ruwa da yabanya. Da ta ji ƙarata ta ce, "Baba, da adadin da ka bayar muka yi aiki. Faɗi na gaskiya, yanzu in gyara."

Na ce, "'Yata, ba zan faɗa ba."

"To, ba yadda zan yi."

Na buɗe jaka na jera zangarniyoyin a kan teburinta. "Wannan ta bara. Wannan ta bara waccan. Wannan shekararta uku a rumbu. Mutum goma sha huɗu ke cin tuwo a gidana. Ke da kika yi lissafi, mai dami goma ina zai ga ragowar shekara uku?"

Ta ɗauki ta ukun, ta murje ƙwaya, ta shinshina, ta gatsa da haƙori. Nan na san 'yar manomi ce. Sai ta ce, "Babana ma goma yake cewa." Ta ja biro ta soke peasant a takardarta da tawa, ta rubuta farmer da manyan baƙaƙe. Wurin adadi kuwa ta sa: bai faɗa ba.

Sai ta dube ni ta gefen ido. "Shi Malam Sale fa, ɗari biyun nan gaskiya ce?" Harshena ya yi ƙaiƙayi, wallahi. Na ce, "Ba a leƙa rumbun wani." Na bar masa farmer ɗinsa, ya ci da ita.

Komawa

Na sayi kifi a bakin gada don rufe bakin Hajara, na yi azahar a Wudil, na hau wani babur. Uku da rabi ina ƙofar gida. Sale na zaune a dakalina, ya ƙosa kamar mai jiran haihuwa.

"To, ɗan boko, nawa ka faɗa musu?"

Na ce, "Goma, sai godiya." Na miƙa masa takardar ya karanta da kansa, tun da shi aji biyu ya yi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Ila da Malama Binta. Zangarniyoyin uku na mayar da su rumbu, na rufe, ba wanda ya leƙa.