Kalmar da Inna ta koya wa Sani

Shekara bakwai ke nan da aka fito mana da gawar ƙanena Sani daga gidan yari, yana jiran shari'ar da ba a kai ga yi ba.

Sani mai lalurar galahanga ne. Ya kai shekara ashirin da shida bai iya kallon mutum ido cikin ido ba, amma a ɗinkin hula duk Ƙofar Kibo ba na biyunsa. In ya ga aikin zare mai kyau, sai ya shafa shi sannan hankalinsa yake kwanciya. Don kada a riƙa dukansa a waje, mahaifiyarmu Inna, Allah ya jiƙanta, ta koya masa cewa duk wanda ya ɗaga masa murya, ya durƙusa ya ce, "Na tuba." Da wannan ya tsira shekara da shekaru.

Wata rana ya kama gyalen wata budurwa a hanya yana duba ɗinkin. Ta tsorata ta yi ihu, kuma ban taɓa ganin laifinta ba. Kafin labari ya isa caji ofis ya zama yunƙurin fyaɗe. Ɗan sanda ya buga tebur, Sani ya durƙusa ya faɗi abin da aka koya masa, aka rubuta ya amsa laifi. Babu wanda ya kira likita, babu wanda ya tambaye mu. Garin neman gira muka rasa ido. Wata goma sha ɗaya ya yi a tsare, ya daina cin abinci, ciwo ya ƙarasa shi.

Da Sani zai leƙo yau, ina jin tsorata zai yi. Yanzu kafin a kai mutum gaban hukuma an ɗauke shi a waya, gari ya gama yanke masa hukunci.

Huluna huɗu ya bar mana, sai tsoro. Ɗana Bashir irinsa ne, shekararsa sha shida, muryarsa ta fara buɗewa. Duk fitar da zai yi gabana faɗuwa yake. Shi na koya masa wata magana daban: kowa ya tsare shi ya ce, "A kira Ummata," kada ya ƙara komai. Ranar Asabar muka maimaita har sau goma a tsakar gidanmu a Kusfa. Da muka gama ya tsaya yana murza bakin rigarsa, sannan ya ce, "Umma, ranar da kika bi Inna, wa zan ce a kira?"