Ƙahon Sa da Turancin Matan Aure

Yanzu na kai shekarun da nakan manta inda na ajiye carbina alhali yana wuyana, amma ranar da na yi wa likita Turanci ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Jikokina sun ji labarin har ya gundure su, da sun ga na gyara zama sai su fara sulalewa. To tunda su sun ƙoshi, bari ku in ba ku.

Zamanin tsuke bakin aljihu ne, lokacin da sabulun wanka ya koma abin ɓoyewa a ƙasan adaka. Muna zaune a ƙauyenmu na wajen Dugabau. Asalinmu masu kiwo ne, kakanni suka yada sanda suka kama noma. Fulatancin ma ya tafi ya bar mu, abin da ya rage mana shanu ne da kunya.

A shekarar aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na matan aure a firamaren garinmu, bayan la'asar. Malamarmu wata 'yar Gwarzo ce, gajeruwa, ga faɗa ga son mutane. Littafi babu, alli ma gutsura shi take yi tana lallaɓawa. Saboda haka ta fito da nata tsarin: ranar Turanci kalma ɗaya tak za ta ba mu, kuma ba za ta ƙara wata ba sai kowace mace ta je gida ta nemo abin da kalmar ta dace da shi, ta dawo ta faɗa a cikin magana.

Ranar da muka zo kan kalmar zurfi, sai ta kwashe mu zuwa rijiyar bayan makaranta, ta sa muka leƙa, ta jefa tsakuwa muka jira ƙararta. Ta ce, "The well is deep. Rijiyar tana da zurfi. Ku maimaita!" Muka maimaita muna ƙunshe dariya a mayafi. Daga nan kuma sai ta tsare mutum da ido ta ce, "How deep?" wato zurfin ya kai yaya, kuma ba ta yarda ki amsa da baki, sai kin gwada da hannu. Da muka dawo, wata ta kawo turmi, wata kududdufin bayan gari. Wata maƙwabciyata ta ce tukunyarta tana da zurfi, sai dai ba komai a ciki, aji ya tuntsire da dariya don duk tukunyarmu ɗaya. Ni na ce ƙwarya. Malama ta ce ƙwarya ba ta da wani zurfi. Na ce mata ba ta ga ƙwaryar tatsar gidanmu ba ne. Sai da muka yi musu sosai, don ni ba a kayar da ni a magana da sauƙi.

A gida kuwa na sha tsiya. Maigidana in ya ji ina bita a bakin murhu sai ya ce, "To Baturiya, shanun za ki yi wa Turancin ko kajin?" In ce masa, "Malam, gemu ma bai hana ilimi ba, balle ɗankwali."

Sai in gaya muku wani abu game da ɗana na fari, don in ba ku san shi ba labarin ba zai shige ku ba. A wajenmu uwa ba ta nuna ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta cewa nata ne. Ana yaye shi uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Shi Adda yake ce mini, kamar wata yayarsa. Ni kuma in zan yi maganarsa sai in ce "yaron nan". Ya zama saurayi har an fara zancen aurensa, ban taɓa buɗe baki na ce ɗana ba. Ba wai ba na son sa ba ne. Wallahi duk cikin 'ya'yana babu wanda nake ji kamarsa, sai dai a ciki abin yake tsayawa.

Ranar da abin ya faru da damina ne, ana huɗa. Na kai wa mazan gidanmu fura gona da hantsi. Yaron nan ya sunkuya yana gyara wa jan sanmu karkiya, ƙudan bobuwa ya ciji san, ya wurga kai. Ƙahon ya same shi a gefen ciki, ƙasan haƙarƙari. Bai yi ihu ba, zama kawai ya yi a kan kunya ya dafe wurin. Ubansa da ƙannen ubansa suka ruga kansa. Ni ƙafafuna suka ɗauke ni, har na yi taku biyu, sai na tuna ko ni wace ce. Uwa ta ruga kan ɗan fari a gaban surukai? Sai na karkata na je na kama igiyar san, kamar dama abin da ya dame ni ke nan.

To a nan na ga abin da ba wanda ya gani. Jinin da ke jikin ƙahon ya tsaya ne a zagaye, cak, kamar shaidar da tuwo ke bari a jikin muciya. Na ɗora hannuna na gwada: daga kan yatsana har ya wuce tafin hannu. Kafin in ankara san ya goge ƙahonsa a ciyawa.

Su kuwa maza bakin ciwon suka duba, ɗan ƙarami, ko jini bai cika zubarwa ba. Suka barbaɗa garin bagaruwa, suka ɗaure da rawani. Yaron nan ya miƙe da ƙafarsa ya taho gida yana cewa ƙwarzane ne kawai. Ku tuna jikan masu shaɗi ne, irin waɗanda ake tsula wa bulala suna murmushi. A wajensu namiji ya ce wash abin gori ne har ga 'ya'yansa. Da yamma na sami maigidan shi kaɗai na gaya masa abin da na gani. Ya ce, "Haba ke kuwa, jini ai malala yake yi. Kar ki ɗaga wa mutane hankali."

Gari na wayewa jikinsa ya yi zafi rau, ko kunu ya kasa sha. Inna ta ce zazzaɓin damina ne ya haɗu da ciwon, a kai shi asibiti a yi masa allura. Aka ɗora shi a amalanke zuwa bakin titi, muka sami akori-kura. Ni ba a sa ni a tafiyar ba, ba a ma zaci zan so zuwa ba. Na ɗauko buta da tabarmar Inna na ce ai tsohuwa tana bukatar mai riƙe mata kaya. Ta kalle ni ta gefen ido, ta bar ni na bi su.

Asibitin cike yake maƙil, mutane har ƙarƙashin bishiya. An ce manyan likitocin duk sun tafi tun da kuɗi ya lalace, saura wani matashi ɗan bautar ƙasa daga Kudu, ko sannu bai iya da Hausa ba. Wani ma'aikaci ne yake yi masa tafinta. Da layi ya zo kanmu aka shiga da yaron nan, ubansa da Inna suka tsaya a kansa, ni na rakuɓe a bakin ƙofa da butata.

Likita ya kwance rawanin. Bagaruwa ta riga ta busar da bakin ciwon, ya yi baƙi ya tsuke. Tafinta ya tambayi abin da ya faru, maigidan ya ce sa ne ya ɗan taɓa shi, zazzaɓin ne ya kawo mu. Likita ya danna cikin ya kalli fuskar yaron nan. Ni na ga yatsun ƙafarsa sun ƙanƙame, amma fuskar nan ko gezau, har da ɗan murmushi. Tafinta ya ce, "Da zafi?" Ya ce, "Babu." Aka sake dannawa. Ya ce, "Lafiya lau." To likita ɗan duba ne? Abin da aka gaya masa da shi zai yi aiki. Ya juya yana bayani, tafinta ya ce za a wanke ciwon, a yi allura, mu koma gida.

Na san in muka hau motar nan da shi, gawa za mu sauke. Na matso na ce a hankali, "Malam, ka gaya musu maganar ƙahon." Maigidan ya zaro mini ido ya ce, "Ke, mene ne haka a gaban mutane?" Na juya wajen tafinta na ce, "Ɗan'uwa, don Allah ka ce masa ciwon nan ya shiga ciki." Shi kuma ga gajiya ga layi, ya ce, "Baiwar Allah, ga uban yaro ga mai ciwo sun yi magana. Ki ɗan ba mu wuri." Har ya leƙa waje ya kira na gaba.

Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa. Ban san lokacin da na dire butar nan ba. Na ɗaga murya yadda Malama take sa mu yi a aji, na ce, "Doctor! It is deep!"

Likita ya waiwayo yana neman mai maganar, ya ga wata 'yar ƙauye da zane ya sha ƙurar mota. Ya zubo mini Turanci mai yawa, ko ɗaya ban kama ba. Na maimaita abin da na iya. Sai ya tako ya zo gabana, ya sassauta murya ya ce, "How deep?" Allahu akbar! Tambayar Malama ce sak. Na ɗora yatsu biyu a kaina na yi ƙaho, na ce, "Cow." Wasu a bakin taga suka kwashe da dariya, shi bai yi ba. Na miƙa hannuna, na sa yatsa a inda jinin ya tsaya, na nuna masa tun daga kan yatsa har bayan tafi.

Ya dubi hannun, ya dubi yaron nan, ya sake dubana. Ya nuna shi ya ce, "Your son?" Wannan ma na gane, mun yi ta a aji. Ga Inna, ga maigidan, ga shi kansa yana kwance yana jina. Amma na ga mutumin nan so yake ya san ko maganata abar kamawa ce. Na ce, "My son." Abin da ban taɓa faɗa da Hausa ba, ranar na faɗe shi da bakin Turawa, hawaye na zuba.

Daga nan komai ya canza. Ya daka wa tafinta tsawa, aka kori na gaba, aka kawo gado mai taya. Ya sake duba cikin, wannan karon ba fuskar yake kallo ba. Ya sa aka tambaye ni komai, yaushe, ta wane gefe, ya ci abinci ko bai ci ba, tafinta kuma yanzu har da "ranki ya daɗe". Kafin azahar an shiga da shi tiyata. Lokacin ne kome sai ka sayo da kanka, maigidan ya yi ta safa da marwa tsakanin asibiti da kantin magani, ko kallona bai iya yi ba.

Muna zaune a tabarma ni da Inna muna jira. Da la'asar likita ya fito, ya wuce maza ya zo inda nake. Tafinta ya ce, "Ya ce ƙahon ya huda hanji. An ɗinke. Ya ce da kun koma gida da shi, da sai dai wani labarin." Likitan ya ƙara wata magana yana murmushi. Tafinta ya ce, "Wai a ina kika yi makaranta?" Na gyara mayafi na ce, "Ka ce masa ajin matan aure, kuma ban gama ba."

Da suka tafi Inna ta daɗe tana jan carbi. Ni kuwa na shirya shan faɗa, don na san na keta abin da aka gada. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Yau kin zubar mana da kunya a gaban Kano da Katsina." Na sunkuyar da kai na ce, "Ki yi haƙuri, Inna." Ta ce, "Ni na goya shi, na tsaya a kansa ina kallo za a sallame shi. Tashi ki je ki ga ɗanki. Allah ya yi miki albarka."

Na shiga. Ya farfaɗo, idonsa a buɗe, yana ganina ya juyar da fuska bango. Na tsaya daga nesa na ce, "Sannu." Na juya zan fita. Sai na ji ya ce, ƙasa-ƙasa, "Adda, da zafi." Ni kaɗai ya gaya wa. Na koma na zauna a bakin gadon na riƙe hannunsa, ban kuma damu da wanda zai shigo ba.

Ya warke, ya yi aure, yau shi ma yana da furfura. Har gobe ba na kiran sunansa, shi ma Adda yake ce mini, kuma ba na jin za mu canza. Na ci gaba da karatuna, har lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a makarantun matan aure suka cika, aka ba ni aji ina koya wa na baya. Duk wadda ta ce mini ta tsufa da boko, ko me kalma ɗaya za ta yi mata, ba na musu da ita, labarin nan nake ba ta. Ina alfahari da ranar, ba na ɓoyewa.

Abin da na koya shi ne kunya ado ce, ban kuma ce a yar da ita ba, amma ba a biyan ta da rai. In ka san abin da zai ceci mutum, faɗe shi da duk bakin da za a ji ka, ko da kalma uku ka mallaka a cikinsa. Faɗan da za a yi maka yini ɗaya ne, kabari kuwa ba a tone shi a ba da haƙuri.