Ƙusa Daidai Idon Auta

Auta tana da shekara huɗu zazzaɓi ya kwantar da ita. Da ta warke, ƙafafun suka ƙi tashi. Mahaifinta makanikin babur ne, shi ya haɗa mata keke da hannunsa, kuma tun daga ranar take kallon duniya daga tsayin ƙugun mutane. Ta san bel ɗin kowa a layinsu, ta san aljihun da ya yage. Fuska kuwa sai ta ɗaga kai har wuya ya ƙage. Mutane kuma, Allah ya shirye su, ta saman kanta suke magana: "Ta ci abinci?" Sai ka ce ita ba ta da baki!

Baki kam akwai shi, ga kaifi. Amma fensirinta ya fi shi.

A shekararta ta ƙarshe a makarantar zane aka sa ranar baje ayyukan ɗalibai. Auta ta kawo zane goma sha ɗaya, duk na tafiyar da ta yi ita kaɗai a jirgin ƙasa zuwa wurin yayarta: gwiwoyi, jakunkuna, hannun mai duba tikiti. Fuska ɗaya ce tak a ciki, ta wani saurayi mai tabo a gira, wanda ya tsuguna a gabanta ya tambayi me take zanawa, suka sha hira har tasha uku. Tana sonsa, kullum suna waya, a gida ba wanda ya sani.

Sai dai akwai tsohon kafintan makarantar. Shekara ashirin yana rataye zanen ɗalibai, da wata sandarsa mai alamar jan fenti daidai idon mutum a tsaye. Ƙusa ba ta taɓa sauka ƙasa da wannan alama ba.

"Baba, nawa a nan za a sa," in ji Auta, ta dafa bango daidai idonta.

"Haba 'yata! Nan ai wurin soket ne. Wa zai gani?"

"Wanda ya tsuguna."

Malamarsu ta lallaɓa ta: masu ba da maki manya ne, ba za su duƙa ba, za ta iya faɗuwa. Auta ta san karatun shekara uku ba wasa ba ne. Duk da haka ta ce, "Malama, a zaune na gan su, a zaune za a gan su."

Ta ɗauki hama da kanta. Ƙusa uku ta lanƙwasa, a ta huɗu hamar ta samu babban yatsanta. Kafinta ya yi tsaki ya ƙwace hamar, ya zauna kan gwangwanin fenti, ya ƙura wa zanen ido. Can ya jawo sandarsa ya yi mata sabuwar alama.

Ranar buɗewa mutane suka yi ta wucewa, wasu har da dariya. Masu maki biyu suka leƙa daga sama, ta ukunsu ce kawai ta tattare zaninta ta duƙa. Auta ta cije, ba ta roƙi kowa ba.

Da la'asar mahaifinta ya shigo, baƙin mai duk a farcensa. Ya tsuguna, gwiwoyinsa suka yi ƙas, ya bi zanen ɗaya bayan ɗaya har ya kai kan fuskar. Ya juyo, idonsa daidai nata.

"Wannan fa wane ne?"

"Shi ne ya fara tsugunawa ya dube ni, Abba."

Kunya ta kama shi. "Shekara goma sha tara ina tsugunawa a gabanki," ya ce a hankali, "taya kawai nake dubawa."

Bai tashi ba. Ya goge hannunsa a wando, ya kama nata mai kumburarren yatsa.

"Ki ce masa ya zo gida. A ƙasa za mu zauna."